Sauro a Kwarin Rima: Ina Ya Kamata Mu Sa Ƙarfinmu?

A shekarar 2021 an gudanar da binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro a Najeriya. An ɗebi jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a kowace jiha, aka duba a madubin likita. A faɗin ƙasar, yara 22 cikin 100 aka samu da ƙwayar cutar. A Legas 2 ne kacal. A Kebbi kuwa 49 ne, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane biyu, kuma babu jihar da ta kamo ƙafarta. Binciken 2015 ya nuna 64, na 2018 ya nuna 52. Ana samun sauƙi ke nan, sai dai sauƙin bai taka kara ya karya ba, kuma duk tsawon shekarun nan Kebbi ce a sahun gaba. Wannan kuwa a cikin ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita kaɗai ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da cutar a duniya, da kusan kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa da ita.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gulbin Rima, bayan ya haɗe da na Sakkwato, yakan gangaro ta Argungu, ya bi ta gefen Birnin Kebbi, ya nufi kogin Kwara, yana shimfiɗa fadama mai faɗi hagu da dama. Wannan ruwa shi ne arzikinmu. Shi ya ba Kabawa kifi da bikin Matan Fada, shi ya sa aka zaɓi Birnin Kebbi don ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, shi ke ciyar da masana'antun casar shinkafa na garuruwan biyu. Babu mai hankalin da zai ce a busar da fadama don a huta da sauro. Abin tambaya shi ne: tunda da ruwa za mu zauna, wane ruwa ne muke da iko a kansa, kuma cikin dabarun da ake ta yayatawa wanne ne ke aiki, wanne ne ke cin kuɗi kawai?

Sauron da ke damunmu iri uku ne

Kuskuren farko shi ne ɗaukar sauro duk ɗaya. Wanda ya fi hana mu barci da kuka a kunne, mai launin ƙasa-ƙasa, masana na kiransa kuleks. Ruwan ƙazanta ne gidansa: kwata, lambatun da ya toshe, ramin wanka, masan da ruwa ya cika. Yana da ban haushi ƙwarai, amma ba shi ke kawo maleriya ba.

Mai kawo ta shi ne anofilis, macensa kuwa, don namiji ruwan fure yake sha. Ita ba ta cika son ƙazanta ba. Ta fi son ruwa maras zurfi, mai ɗan tsabta, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu a bakin gulbi, tabon da tayar mota ta bari, ramin da aka haƙi ƙasar gini, ragowar ambaliya, da fangalin shinkafa da aka yi wa dashe. Cikin dare take farauta, galibi bayan mutane sun kwanta har zuwa asuba, kuma in ta sauka a bango za ka gan ta ta sunkuyar da kai ta ɗaga bayanta sama, saɓanin kuleks da ke zama a miƙe.

Na uku shi ne edis, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, mai cizo da rana, musamman da safe da kuma yamma. Shi ɗan cikin gida ne: randa, tulu, duro, tsohuwar taya, gwangwanin da aka yar. Shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, wanda hukumomin lafiya suka tabbatar da ɓullarsa a makwabciyarmu Sakkwato a ƙarshen 2023.

Kowa na iya bambance su tun suna ruwa. A ɗauki farin kwano ko ludayi, a kamfato ruwan saman kududdufi a hankali daga gefe, a ajiye ya natsa. Tsutsar anofilis takan kwanta a miƙe daidai da fuskar ruwa. Ta kuleks da ta edis sukan rataye ne, kai ƙasa, wutsiya na taɓa sama don shaƙar iska. Wanda ya iya wannan ɗan gwaji ya san ruwan da ya fi haɗari a unguwarsa, kuma zai gane dalilin da ya sa ake iya yashe kwata tas amma zazzaɓi bai ragu ba, ko kuma a kwana ba a ji kukan sauro ba amma yaro ya tashi jikinsa rau.

Wa'adi biyu da sauro ba ya iya tsallakewa

Rayuwar anofilis tana da gaɓa biyu masu rauni, kuma duk wata dabara mai amfani ɗaya daga cikinsu take duka.

Ta farko a ruwa take. Mace na zuba ƙwai daga 50 zuwa 200 a lokaci guda, tana maimaitawa duk bayan kwana biyu ko uku muddin ta sami jini. Daga ƙwai zuwa tashi sama, a irin zafin ƙasarmu, kwana 7 ne zuwa 10. In ruwan ya ƙafe, ko aka zubar, ko aka sa masa magani kafin cikar wannan wa'adi, zuriyar ta hallaka gaba ɗaya.

Ta biyu a cikin cikinta take. Sauro ba a haifarsa da cutar. Daga jinin mai ɗauke da ita yake kwasa. Bayan ta sha jinin, ƙwayar na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ta girma ta isa yawunta. Mafi yawan sauro ba sa kai wannan tsawon kwana. Tsofaffin da suka tsira su ne masu kisa. Saboda haka duk abin da zai gajarta mata kwana, ko ya hana ta samun jinin mutum, yana karya cutar fiye da yadda ido ke gani.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace dabara. Ko dai ta katse kwana bakwai na ruwa, ko ta hana sauro cika kwana goma yana cizon mutane. Wadda ba ta yin ko ɗaya, ta jin daɗin dare ɗaya ce.

Abin da Ambursa da Garki suka koya wa duniya

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a tarihin wannan yaƙi. A 1954 gwamnatin lokacin, da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara gwajin feshin bangon ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, a garuruwan da ke kewaye da Birnin Kebbi. An gwada magunguna uku, ciki har da DDT da wani mai suna diyeldirin. Da farko sauro ya yi ta zuba. Amma kafin ƙarshen 1955, a garin Ambursa, inda filin jirgin saman jihar yake a yau, masu bincike suka tarar da anofilis da diyeldirin ba ya kashewa. Wannan na cikin shaidu na farko a Afirka cewa sauron maleriya na iya jure guba. An kai irin wannan sauro Landan, inda masani George Davidson ya nuna cewa juriyar gado ce: 'yan kaɗan da suka tsira su ke haifar masu kama da su, har su mamaye wuri.

Daga 1969 zuwa 1976 kuma aka yi babban gwaji a ƙasar Garki, wadda yanzu ke jihar Jigawa. An yi feshi da wani maganin daban, aka haɗa da raba wa jama'a ƙwayoyi. Cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, wani ɓangare saboda sauron da ke cizo ya fita ya huta a waje, bai sauka a bangon da aka fesa ba. Da aka dakatar da aikin, zazzaɓi ya koma yadda yake.

Darasi biyu ke nan, kuma har yau ba su tsufa ba. Makami ɗaya, komai kaifinsa, sauro zai saba da shi. Aikin da ake yi na ɗan lokaci a watse kuwa, sauro jiran ƙarshensa kawai yake yi. Yau ma ana ganin maimaicin Ambursa: dangin maganin da aka daɗe ana sa wa gidajen sauro, wato fairitiroid, ya rage ƙarfi a yawancin sassan Najeriya, kuma masu bincike a Afirka ta Yamma na ganin yawan fesa irinsa a gonaki na daga cikin dalilai.

Ruwan gida da na unguwa

A nan ne talaka ke da cikakken iko, kuma ba ya buƙatar ko sisi. A ware rana ɗaya a mako, a zagaya gida. A juye randa da duro, a goge cikinsu da soso kafin a sake cikawa, domin ƙwan edis kan manne a jikin mazubi, ya yi watanni a bushe yana jiran ruwa. A rufe tanki da murfin da ya zauna daram. A kife tsofaffin kwanoni, a sauya ruwan kaji da na komin dabbobi, a huda taya ko a cika ta da ƙasa. Rufe tanki ya ƙara zama dole tun da aka gano wani sabon nau'in anofilis ɗan asalin Asiya a jihar Gombe a 2020, wanda shi a tankuna da wuraren tara ruwa na birane yake haihuwa.

Da an fita ƙofar gida kuma aiki ya zama na gayya. Dubi bakin rijiyar burtsatse a kowace unguwa. Yara na ɗiba suna zubarwa, masu kura na wanke jarkoki, ruwan ya gangara ya kwanta a gefe, awaki su tattaka shi ya zama 'yan ƙananan ramuka, rana ta ɗumama su. A watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, wannan ɗan wuri na iya zama makwancin anofilis na unguwa baki ɗaya. Maganinsa siminti kaɗan ne a daɓe bakin famfon, da 'yar hanya zuwa ramin da aka cika da tsakuwa ya tsotse ruwan. Haka wuraren buga bulo, da na wankin mota, da fanfon da ya fashe a gefen titi, da tarin tayoyi a wurin masu faci.

Kududdufan da aka bari bayan haƙar ƙasar gini su ne babbar matsalar tsofaffin unguwanni. Ƙananan a cike su da ƙasa da ɓaraguzan gini, ba da shara ba, don shara kuleks take gayyata. Manyan da ba sa cikuwa a gyara bakinsu ya yi tsaye, a cire ciyawar gefe, a zuba kifi irin su karfasa masu cin tsutsa. Kada a zuba baƙin mai. Yana kashe kifi da kwaɗi, ya gurɓata rijiyoyin kusa, tasirinsa kuma na 'yan kwanaki ne. Akwai maganin tsutsa mai suna Bti, wanda ake samu daga wata ƙwayar halittar ƙasa. Yana kashe tsutsar sauro ba tare da cutar da kifi ko dabba ko mutum ba, amma sai an maimaita shi kusan kowane mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan aiki ya fi dacewa inda wuraren haihuwar sauro kaɗan ne, ba sa sauya wuri, kuma ana iya gano su. Wannan siffar Birnin Kebbi da Argungu ce a lokacin rani. Mun saba tashi haiƙan sai a watan Agusta, lokacin da ruwa ya mamaye ko'ina ya fi ƙarfin kowa. Dabara ita ce a daki sauro tun daga Janairu zuwa Mayu, lokacin da ya taƙure a wurare ƙididdigaggu, don damina ta same shi da ƙarancin iri.

Yanke ciyawa da yashe kwata suna da kyau, suna rage maɓoyar sauro da yawan kuleks, suna kuma hana ledojin ruwa toshe hanya har ambaliya ta shiga gidaje. Sai dai kada a ɗauka su kaɗai sun isa maganin maleriya.

Fangalin shinkafa

Noman rani ya canza kalandar sauro. A da, da ruwan fadama ya janye sai a sami watanni na hutu. Yanzu injunan ban ruwa na aiki tun daga sanyi har zafi. Makonnin farko bayan dashe su ne mafi haɗari, don shinkafa ba ta rufe ba, rana na dukan ruwan kai tsaye. In ta yi duhu ta yi inuwa, anofilis ya ragu.

Akwai hanyar da manomi zai ci riba biyu. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta daɗe tana koyar da ban ruwa na jiƙa-a-bari: a kafa guntun bututu mai huji-huji a cikin fangali, a ba da ruwa, a bar shi ya sauka har ya kai kamar santimita 15 ƙarƙashin ƙasa a cikin bututun, sannan a sake bayarwa, in ban da lokacin fure da ake barin ruwa ya tsaya. Ana iya rage ruwan da ake sha har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Ga wanda ke sayen fetur tun bayan cire tallafi a 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsutsar sauro kuma ba ta cika kwana bakwanta. Sharaɗi ɗaya ne: fangalin ya zama a daidaite. In akwai kwari da tudu, ruwa zai maƙale a ƙananan wurare, a ƙara wa sauro masauki maimakon a rage. Kuma sai makwabtan gona sun yi tare, wanda aikin ƙungiyoyin manoma ne da malaman gona.

Ginin da ba ya ba sauro ƙofa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Anofilis na bin warin jiki da numfashin masu barci. In ta iso bango sai ta yi sama, ta shiga ta ratar da ke tsakanin kan bango da rufi. Soron gargajiya na azara ba shi da wannan rata; ɗakin kwano maras silin da ɗakin jinka su ke da ita. Toshe ta da laka ko siminti ko raga aikin yini ɗaya ne. A wani gwaji da aka yi a Gambiya, wanda aka wallafa a 2009, sa raga a tagogi da ƙofofi ko yin silin na raga ya rage sauron da ke shiga ɗaki da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a tsakanin yara.

Amfanin wannan dabara shi ne ba ta dogara da guba ba, don haka sauro ba zai saba da ita ba, kuma tana kare duk wanda ke ɗakin ko da bai shiga gidan sauro ba tukuna. Abin lura shi ne iska. In aka toshe ɗaki ruf babu taga, zafi zai kori mutane waje. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga, a gyara ƙofa ta riƙa rufuwa sosai, a kuma rufe tun kafin magariba. Ya kamata magina da kafintoci su mayar da wannan wani ɓangare na aikinsu, masu ba da izinin gini su sa shi cikin sharuɗɗa, makarantun kwana da tsangayu da ɗakunan kwanciya na asibitoci su zama na farko.

Gidan sauro

Har gobe babu abin da ya kai shi. Nazarce-nazarce da dama sun nuna gidan sauro mai magani na rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi ɗaya cikin shida, yana kuma rage kamuwa da zazzaɓin da kusan rabi. Wani babban nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa cikin kamuwa miliyan 663 da aka kauce wa a Afirka daga shekarar 2000, kashi 68 cikin 100 albarkacinsa ne. Sirrinsa shi ne mai barci ya zama tarko: sauro ya zo neman jini, ya taɓa ragar, ya mutu kafin ya cika kwana goma. Shi ya sa in mafi yawan unguwa na amfani da shi, har wanda ba shi da shi yakan amfana. Saboda juriyar da aka ambata, an fito da sababbi: masu ƙarin sinadarin PBO, da masu magani biyu waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2023. Irin waɗannan ya kamata jiha irin Kebbi ta nace a kawo mata.

Matsalar ba ta tsaya a rabo ba. Ana karɓa a ajiye a ƙarƙashin gado, ana cewa yana da zafi, yana sa ƙaiƙayi. Ƙorafin gaskiya ne, kuma yana da amsa. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin a kwana ciki. A wanke da sabulu mai sauƙi ba da yawa ba, a shanya a inuwa, don rana na cinye maganin. In ya huje a ɗinke nan take. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane ɓangare, a kuma lura kada hannun yaro ko gwiwarsa su jingina da ragar. A watannin zafi da ake kwana a tsakar gida, sanduna huɗu da igiya sun isa a kafa shi a waje. Masunci da ke kwana a bakin gulbi da manomin da ke gadin injinsa a fadama sun fi kowa buƙata, don su ke kwana a tsakiyar sauro, su kuma dawo da cutar gida. Bayan kamar shekara uku ƙarfin gidan sauron ya ƙare, sai a sauya.

Wanda ya tsufa ana iya rufe taga da shi. Amma kamun kifi da gidan sauro ɓarna ce biyu: an bar yaro a buɗe, an kuma kwashe 'ya'yan kifin da ba su isa kamu ba. Al'ummar da ta iya hana su a Matan Fada tsawon shekara don kifi ya girma, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ta fi kowa sanin illar wannan.

Abubuwan da ke cin kuɗi

Igiyar leƙo da maganin feshi na gwangwani suna kora ko kashe sauron da ke ɗaki a wannan sa'a. Zuwa tsakar dare, lokacin da anofilis ta fi cizo, ƙarfinsu ya tafi. Hayaƙin igiyar leƙo a rufaffen ɗaki na damun ƙirjin jarirai da masu asma, kuma sau da yawa ya jawo gobara. Turaren ganyen dogonyaro ko ɓawon lemu na taimakawa a wurin hira, amma da hayaƙi ya lafa sauro ya dawo. Man shafawa mai sinadarin DEET da tufafi masu rufe hannu da ƙafa sun fi dacewa da wannan tazara ta tsakanin magariba da kwanciya. In magidanci ya lissafa abin da yake kashewa kan waɗannan a damina ɗaya, zai ga ya isa sa wa tagoginsa raga.

Mafi muni shi ne fiya-fiya, ruwan gubar da ake sayarwa a kwalabe marasa suna. Galibi maganin ƙwarin gona ne mai suna diklobos, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa tun 2019. Yayyafa shi a ɗakin da yara za su kwana, ko ajiye shi inda hannunsu zai kai, ganganci ne da rai. Shi kuma feshin hayaƙi da mota ke bi titi-titi tana yi, yana burge ido, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin sa don maleriya ba. Feshin bango na ƙwararru daban ne. Yana aiki, in an rufe mafi yawan gidajen gari, ana sauya magani, kuma akwai kuɗin ci gaba da shi.

Kare jikin da sauro ya riga ya ciza

Duk ƙoƙarin da aka yi, wani cizon zai wuce. Shi ya sa ake bi gida-gida a watannin damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. Na kwana uku ne kowane zagaye. Ma'aikaci ke ba da na farko, uwa ta cika sauran biyun, kuma a nan ake yawan sakaci. Mai ciki na da nata maganin a wurin awo. A watan Disamban 2024 kuma Kebbi da Bayelsa suka zama jihohin farko da aka fara allurar rigakafin R21, wadda Jami'ar Oksfod ta ƙirƙiro ake sarrafa ta a Indiya. Ana yi a wata 5, 6, 7 da 15. Allurar ba ta maye gurbin gidan sauro. Duk zazzaɓi kuma a gwada jini cikin kwana ɗaya, in maleriya ce a shanye magani duka, a daina ɗora laifi kan rana ko sabuwar masara. Mutumin da aka warkar sarai ba ya ba sauro abin da zai kai wa makwabcinsa.

Wa zai riƙe ragamar?

Sauro na iya tafiyar kilomita ɗaya ko biyu, saboda haka tsabtar gida ɗaya ba ta isa. Dattawa na tuna zamanin duba-gari, masu shiga gida su leƙa randa. An ji tsoronsu, wani lokaci an yi kuka da su, amma sun riƙe abu ɗaya muhimmi: zuwa a kai a kai. Da irin wannan naci aka kawar da anofilis ɗin Afirka da ya kutsa arewa maso gabashin Barazil a 1939 zuwa 1940, kowane ma'aikaci da yankinsa da yake zagayawa. A Darussalam ta Tanzaniya, daga 2006, 'yan unguwa aka ɗauka suna bin wuraren ruwa kowane mako da maganin tsutsa, cutar kuma ta ragu. Ba a cewa za a ƙarar da sauro a kwarin Rima, don nan asalin gidansa ne. Amma ana iya rage shi ƙwarai a inda mutane ke kwana.

Tsabtar muhalli ta wata-wata ba ta dace da wannan maƙiyi ba. Kafin wata ya zagayo ya yi zuriya uku. Aikin na mako-mako ne, kuma muna da tsarin da zai ɗauke shi. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, kuma an ga rawar da sarakuna suka taka a yaƙi da shan-inna. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi kowane zaure, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, ita za ta iya kai wannan.

Kowane mai unguwa ya sa a rubuta duk wurin da ruwa ke kwanciya a yankinsa, da sunan wanda zai kula da shi. A horar da matasa biyu ko uku su riƙa zagayawa da ludayi rana ɗaya a mako, da mata da za su shiga cikin gidaje su duba randa da yadda aka rataya gidan sauro, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari don kada aikin ya koma karɓar na goro. Limamai su tunatar a huɗuba, malamai su koya wa ɗalibai gane tsutsa. Ƙaramar hukuma ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin gayya: motar ƙasa don cike rami, gyaran bututu, maganin tsutsa. Jiha kuma ta sa wannan a kasafinta na kowace shekara, domin tallafin waje na iya yankewa a kowane lokaci, kuma Garki ta nuna abin da ke biyo bayan yankewa. A riƙa auna nasara da yawan yaran da gwajinsu ya nuna cutar a asibitin unguwa, wata bayan wata, a kuma sanar da jama'a sakamakon a fili, don kowace unguwa ta san ko aikinta na haifar da ɗa mai ido.